Garejin da ya gyara min kulocin babur ɗina mai ƙafa huɗu a Jos

Jama'a wannan rubutun na yi shi ne saboda masu babur mai ƙafa huɗu a Jos da kewaye, don na san ba mu da yawa kuma duk wanda yake da shi ya san wahalar samun wanda zai taɓa maka shi ba tare da ya ƙara ɓata shi ba. Nawa ɗan China ne, 250cc, mai giya da kuloci na hannu, na saye shi na hannu ne don zirga zirgar gonar dankalinmu da ke hanyar Barkin Ladi, shi nake ɗaura wa taki da buhunan iri in shiga inda mota ba ta isa ba musamman in damina ta zauna, wanda ya san taɓon watan Agusta a Filato ya san abin da nake nufi.

Matsalar ta fara ne a hankali. In na danna totur sai inji ya ɗau kuka sosai amma babur ɗin ba ya ja daidai da kukan, a fili ba ka cika ganewa ba, amma da na zo hawa tudu da buhu biyu a baya sai ka ji kamar ana riƙe shi, ga wani ƙauri ƙauri da ke tashi daga gefen dama na injin. Na kai wa wani mai gyara kusa da gona, ya buɗe murfin kulocin ya duba yace ba komai, ya mayar ya ɗaure, ya ja min wayar kulocin ya ce in tafi. Kwana uku abin ya fi da muni, kuma sai na fara ganin ɗigon baƙin mai a ƙasa duk inda na ajiye shi. Ashe wajen ɗaurewa ya karya noti ɗaya a cikin jikin injin, bai faɗa min ba, ya dai shafe wurin da gam ya maƙala kan notin a sama kamar lafiya lau. Wannan abu ya min ciwo wallahi, karyewar noti kowa na iya yi, ɓoyewar ce ta dame ni.

Wani abokina mai Keke ne ya ce in ɗora shi a a-kori-kura in kawo cikin gari wajen wani dattijo da ke da ɗan gareji ta wajen Dilimi, bayan masu sayar da kayan gyara. Tun da aka hana acaɓa a cikin Jos yawancin masu gyaran babur suka koma Keke da janareta, shi ma haka, amma hannunsa na babur ne tun asali. Wurin ba wani abin kallo ba ne gaskiya, rumfar kwano ce da benci ɗaya da yara uku, in ruwa ya sauko sai an ja kaya ciki.

Abin da ya fara burge ni, bai ɗau sifana ba tukun. Ya kama hannun kulocin ya matsa sau biyu uku sai ya kalle ni yace, "Alhaji waye ya ja maka wayar nan haka?" Ya nuna min babu sako ko kaɗan a hannun, alhali ya kamata a ce akwai ɗan wasa kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun kafin ya fara jan waya. In babu wannan wasan to kamar kana tafiya ne da kuloci a ɗan matse kullum, filet ɗin, wato faya-fayan da ke cikin kulocin, ba sa haɗuwa da kyau, suna ta gogar juna suna cinyewa. Daga nan ya tambaye ni wane baƙin mai nake zubawa. Nace Baba wanda nake zuba wa motata ne, in na yi sabis ragowar galan ɗin nake juye masa. Sai ya girgiza kai ya zaunar da ni ya min bayani, kuma wannan bayanin shi ne ya sa nake ganin kowa ya kamata ya ji.

Kulocin irin wannan injin a cikin baƙin mai yake iyo, man da ke zagaya inji shi ne dai ke jiƙa filet ɗin. Man mota na zamani, musamman mai ruwa ruwan nan da ake cewa yana rage shan fetur, ana sa masa sinadarin ƙara santsi, a mota ba matsala don kulocinta ba ya haɗuwa da man inji, amma a babur santsin nan shi ke sa filet su riƙa zamewa. Ya ɗauko wata robar man babur ya juya bayanta ya nuna min inda aka rubuta JASO MA2, yace ko MA ko MA2 shi zan riƙa nema, ma'auni ne na Japan da aka yi shi don injin da kulocinsa ke cikin mai. Shekara biyu ina da babur ɗin nan babu wanda ya taɓa gaya min haka.

Sai aka zo kan notin. Da ya cire murfin ya kankare gam ɗin, ga guntun nan ya karye daidai da fuskar injin, babu ko ɗan abin da filaya za ta kama. Ƙaramin noti ne mai kaurin milimita 6, irin wanda sifana lamba 8 ke kwancewa, shi ƙarfe ne amma ramin da yake ciki alminiyam ne mai laushi, in ka kuskure ka huda a karkace ka cinye haƙoran ramin ko ka fasa jikin injin gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin yaran ya ɗauko injin huda, Baba yace ajiye. Ya sa aka cire batir aka zare wayar CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, aka toshe cikin injin da tsumma mai ɗan danshi don kar tartsatsi ya faɗa, sannan ya kira mai walda na kusa da su. Washa, wato ɗan zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti, suka fara ɗorawa a kan guntun aka ɗiga walda ta tsakiyar ramin, sannan aka ɗora wani noti mai huda a kan washar aka cike shi. Yace min walda ba ta kama alminiyam, ƙarfen kawai za ta riƙe, kuma zafin da kansa yana taimakawa ya saki. Karon farko da ya murɗa sai waldar ta ɓalle, gabana ya faɗi sosai. Shi ko a jikinsa, ya sa aka sake, ya bari ya huce ya ɗiga mai, ya riƙa murɗawa gaba kaɗan baya kaɗan da yatsu biyu a kan sifanar, kamar minti goma yana wannan, sai ga guntun ya fito cif da haƙoransa, ramin bai ji ko ƙwarzane ba. Ya ɗora min shi a tafin hannu da sauran ɗuminsa, har yanzu yana cikin aljihun motata.

Kulocin kansa bai ba da wahala ba. Filet ɗin sun yi baƙi sun yi sulɓi kamar an goge su, na ƙarfen kuma biyu sun yi shuɗi saboda zafi, ya kwantar da su a kan gilashi ya nuna min ɗaya ba ya kwanciya daidai, ya lanƙwashe. Sifirin ma ya jera su da sabo, tsofaffin sun gajarce. Abin daɗin shi ne injin irin na CG ne da China ta kwaikwaya daga Honda, don haka kayansa ba sai an yi odar su daga Legas ba, yaro ya shiga kasuwa da tsohon filet a hannu aka gwada aka kawo. Ya jiƙa sababbin a cikin man babur ɗin kafin ya jera, yace busasshe in ka sa tashin farko zai ƙone. Sabon gaskit ya sa, babu gam ko ɗigo. Notukan murfin kuwa tsawonsu ba ɗaya ba ne, tun wajen cirewa ya soke su a jikin kwali bisa tsarin yadda suke, da ya zo ɗaurewa kuma yana yi yana tsallakawa wannan gefe zuwa wancan, da ƙaramar sifana, ba ya dannewa da ƙarfi. Yace irin wannan notin ɗaurinsa kaɗan ne, masu sa dogon hannu su ne ke karya shi.

Inda zan rage masa maki, lokaci. Na kai babur ranar Talata da safe sai Alhamis da yamma na karɓa, rabin Laraba ta tafi a jiran wuta don mai waldar ba shi da janareta, kuma Baba ba ya ɗaga waya in yana aiki, sai dai ka taka ka je. Wurin zama ma babu, benci ɗayan nan ne, ga sanyin Jos da safe. Mai gaggawa zai ji haushi. Kuɗi kuwa bai cuce ni ba, kayan ni na biya da hannuna a gaban yaronsa, kuɗin aiki ya faɗa tun kafin ya fara kuma bai ƙara ko naira ba duk da waldar sau biyu aka yi, tsofaffin kayan ma ya zuba min a leda yace in tafi da abina.

Da zan tafi ya sa na matsa hannun kulocin da kaina in ji wasan da ya bari, yace in riƙa dubawa duk sati don waya tana canzawa, kuma in sake juye man bayan ɗan lokaci don ragowar na motar ya gama fita. Ranar Asabar na ɗora masa taki buhu biyu na hau tudun nan na bakin gona da giya ta biyu, wanda a baya sai na sauke buhu ɗaya, ya haye tsaf, ƙasan injin kuma a bushe har yau sati uku kenan. Wata mai zuwa zan mayar masa da shi ya duba min birkin baya da sarƙa.