Na kai yarana Gidan Makama, kakarsu ta ƙwace aikin ɗan jagora

Hutu ya yi nisa, yaran nan ba abin da suke yi sai rigima a kan waya, sai na ce kowa ya shirya, gobe da safe Gidan Makama za mu, wato gidan tarihi na birnin Kano. Babban, mai shekara 11, ya ɓata rai, wai shi gidan zu na Audu Bako yake so. Hajiya mahaifiyata kuwa tana jin zancen ta ce ƙafarmu ƙafarta. Na so in hana ta saboda ciwon gwiwa. Allah Ya sa ban hana ba.

A-daidaita-sahu ya sauke mu daf da gidan Sarki, don gidan tarihin nan kusa yake, kana iya hango fada. Tun daga bakin ƙofa fushin babban ya tafi, saboda igwa da ya gani da wasu manyan tuluna da aka tono a wajen Ƙofar Kabuga. Autar, mai shekara 4, ta tambaya ko za ta iya shiga cikin tulun ta ɓuya. Da an bar ta, tsaf zai ɗauke ta.

Ginin kansa shi ya fi burge ni. Tun ƙarni na 15 aka gina shi don Muhammadu Rumfa, lokacin yana Makama, kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara, ga bakan gizo ya sha ado. Waje rana na dukan mutum, amma kana sa ƙafa a zaure sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Na sa yaran suka dafa bango, na ce su nuna mini fankar da ke kawo sanyin. Suka yi ta ɗaga kai.

Ɗakunan nuni 11 ne, kuma shawarata ita ce kada ku ce sai kun karanta komai. Akwai ɗakunan da hotuna da rubutu suka fi yawa, na tarihin sarauta tun daga Bagauda, da jihadi, da Yaƙin Basasa na Tukur da Yusufawa. Babba zai tsaya ya more, yaro kuwa sai ya fara jan zani. Nan muka wuce da sauri. Inda muka daɗe shi ne gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofar gari. Ɗana ya tsaya yana kallon ƙarfen, ya ce, "Umma, to ta ina Turawa suka shiga, tunda ga ƙofa?" Ma'aikacin da ke zagayawa da mu ya yi masa bayani a nutse, cewa a 1903 ne, da manyan bindigogi, kuma Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Na ƙara masa da cewa Alu bai sake zama a Kano ba, a Lokoja ya rasu. Yaron da ko littafin makaranta sai an yi faɗa yake buɗewa, sai ga shi yana tambayar tsawon ganuwa da wanda ya fara gina ta. Ya dawo gida da sunan Gijimasu a bakinsa.

Sai ɗakin amarya. Nan Hajiya ta karɓe aiki. Ta dubi jeren, ta yi shiru, sannan ta fara kiran kaya ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa wa 'yata ta tsakiya yadda ake goge tasa har ta yi ƙyalli, da yadda ƙannen uwa da na uba ke kwana suna jere kafin a kai amarya. Ma'aikacin ma ja da baya ya yi yana saurare. Ɗana ya ce, "Hajiya, ashe ke ma kayan tarihi ce, a bar ki a nan mana." Ta kai masa duka da carbi, ta ce mijin da bai iya cefane ba shi ne mai bakin magana. Wasu baƙi da ke bayanmu har da dariya.

A ganina wurin ya fi dacewa da yaro daga shekara 7 zuwa sama. Autar ta ji daɗin ganin ganguna da kayan busa, ta so ta taɓa na hana ta, daga nan ta gaji sai goyo. Ku je da sassafe, ku riƙe ruwan sha, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma in akwai tsoho ko tsohuwa a gida ku ɗauko su. Mu mun yi kamar awa ɗaya da rabi. Na so mu ƙarasa marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake rini da baba, amma gwiwar Hajiya ta ce a'a.

Yanzu babban ya dame ni sai mun hau Dala, Hajiya kuma tun a hanya take tuhumata ina na kai tasoshin da ta ba ni ranar aurena.