Gargaɗi: A Kula da Masu Tallar Buga Hoto a Kan Alminiyam

'Yan uwa, a yi hattara da wasu shafuka a Facebook da TikTok da Instagram masu tallar buga hoto a kan alminiyam. Za ka ga bidiyo mai ɗaukar ido: hoton ango da amarya yana ƙyalli, ana watsa masa ruwa, ana goge shi da tsumma, ko gezau. Sai a ce maka, "Alhaji, turo rabin kuɗi, kwana uku kayanka na hannunka." Kana turawa wasunsu su toshe lambarka. Waɗannan ɓarayi ne tsagwaronsu. Waɗanda suka fi ƙona min rai su ne masu kawo kaya, amma ba abin da ka biya ba, domin mutum sai ya yi watanni bai san an cuce shi ba.

Hoton alminiyam na gaskiya ba manna shi ake yi ba. Ana fara buga hoton a juye a kan wata takarda da tawada ta musamman, a kifa ta a kan farantin alminiyam da aka riga aka yi wa shafen foliyesta tun daga masana'anta, a danne su a injin mai zafin da ya kai kusan digiri 200. Zafin ne ke mayar da tawadar tururi, ta ratsa cikin shafen ta zauna. Shi ya sa in ka shafa shi ba ka jin komai sai santsi, kuma ba shi da bakin da farce zai ɗaga. Fitaccen farantin da ake wannan aiki da shi, ChromaLuxe, daga Louisville ta jihar Kentucky a Amurka kamfaninsa yake, kaurinsa kuwa ya ɗan ɗara milimita 1. Kaya ne na shigowa, farashinsa dala yake bi. Duk wanda ya ce zai yi maka babba a kuɗin hoton firem na takarda, ka san da walakin.

Abin da macutan ke yi shi ne su buga hoton a sitika irin ta allon talla, su manna a kan guntun alukobon, wannan da ake lulluɓe gaban shaguna da gidajen mai da shi. Wasu ma fallen ƙarfe suke yankawa su fesa masa fenti. Na ga irinsa a ɗakin wata amarya a unguwarmu. Zafin bazara na shigowa, sitikar ta yi bororo a daidai fuskar ango, kusurwa ɗaya ta naɗe, ƙurar hunturu da ta maƙale a gam ɗin ta yi baƙin layi a gefe. Yayarta ce ta biya, kyautar biki.

Ka gwada kafin ka cika kuɗi. Ɗora maganaɗisu a fuskar hoton, nesa da maratayin baya: alminiyam ba ya kama shi, in ya kama ƙarfe ne, kuma zai yi tsatsa da damina. Amma maganaɗisu kaɗai bai isa ba, don alukobon ma ba ya kamawa. Juya ka dubi gefe. In ka ga roba a tsakiyar siraran falle biyu, alukobon ne. Sannan ka sa farce a kusurwa: in wani abu ya ɗago, sitika ce.

A yi adalci: akwai masu buga hoto kai tsaye a kan irin wannan allo da injin mai busar da tawada da wani haske na musamman da ake kira UV, sana'a ce halastacciya. Sharaɗi dai mai shago ya faɗa maka abin da yake sayar maka, ya karɓi kuɗinsa daidai.

Wani abin da ya fi asarar kuɗi ciwo shi ne hoton kansa. Ka tura hoton iyalinka ga wanda ba ka san shagonsa ba, gobe ka gan shi a shafinsa ana talla da fuskar matarka. Tsohon hoton mahaifi da ya rasu kuma, wanda ba ku da wani sai shi, kada ku ba direba ya kai wa kowa. A ɗauki kwafinsa a gabanku, ku koma gida da abinku.

Ka nemi adireshin shago, ka je ko ka aiki wanda ka yarda da shi, ya riƙe samfur a hannu. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da na shagon ko mai shi. Wanda kuma aka riga aka damfara, ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙorafi ga 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.