Navigraph: abin da nake biya duk wata don kwamfutar jirgi ta san hanya

Duk wanda yake tuƙa jirgin sama a kwamfuta, ko da X-Plane ko da Microsoft Flight Simulator, ya san wannan takaicin. Ka tsara tafiya daga Kano zuwa Abuja, ka zo shigar da ita, sai kwamfutar jirgin ta ce ba ta san wata alamar hanya ba. Ko kuma mai kula da zirga-zirga a VATSIM, dandalin intanet inda masu tuƙin kwamfuta suke tashi tare, ya ba ka hanyar sauka, ka duba jerin da ke gabanka sama da ƙasa, babu ita. Jirgin lafiyarsa ƙalau, bayanan da ke cikinsa ne suka tsufa. Maganin wannan ciwon shi ne sana'ar Navigraph, wani kamfani da ke birnin Stockholm, kuma na daɗe ina biyan kuɗinsu na wata.

Sai mutum ya san yadda bayanan suke tafiya kafin ya gane abin da yake saye. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsara cewa duk wani muhimmin sauyi a hanyoyin sama yana fara aiki ne a rana ɗaya a duk duniya, ranar Alhamis, bayan kowane kwana 28. Sunan tsarin AIRAC. Zagaye 13 ake samu a shekara, wani lokaci 14 kamar a 2020, kuma kowanne da lambarsa: 2501 na nufin zagayen farko na 2025. Kowace ƙasa takan wallafa nata sauye-sauyen, a Najeriya aikin NAMA ne, a Nijar kuwa ASECNA. Daga nan kamfanoni irin su Jeppesen, da Lufthansa Systems, da NAVBLUE su tattara su rubuta su a tsari guda.

Wannan tsarin shi ne ARINC 424, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan komai. Tun 1975 aka fara fitar da shi. Kowane layi harafi 132 ne cif, kuma kowane gurbi a layin da abin da aka keɓe masa: nan sunan filin jirgi, nan inda alamar take a doron ƙasa, nan tsayin da ba a yarda jirgi ya sauko ƙasa da shi ba. Kamar mudun kasuwar Dawanau ne, da mai sayarwa da mai saye duk da shi suke awo. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka rarraba motsin jirgi gida 23, kowanne da harafi biyu. TF tafiya ce kai tsaye daga alama zuwa alama. RF lanƙwasa ce mai faɗi tsayayye. VA na nufin riƙe fuska guda har sai ka kai wani tsayi. HM kuwa ka yi ta kewayen jira har matuƙi ya fitar da jirgin da kansa. In ka ga jirgi ya karkata shi kaɗai bayan tashi, daidai inda taswira ta ce, to waɗannan haruffan yake karantawa.

Navigraph suna karɓar bayanan Jeppesen, su juya su zuwa irin fayil ɗin da kowane jirgin kwamfuta yake ganewa, domin na kamfanonin da ke ƙera jiragen kwamfuta irin su PMDG daban, na Fenix daban, X-Plane ma da nasa. A nan suka ci kuɗinsu. Manhajarsu takan gano jiragen da ke kwamfutarka da kanta, ka danna sau ɗaya ta sabunta su duka. Fayilolin ba su da nauyi, ko da datar waya nakan sauke su. Sannan SimBrief, inda ake tsara hanya da lissafin mai, yanzu nasu ne. Da zarar ka haɗa asusunka, takardar tafiyarka da kwamfutar jirginka da taswirar da ke hannunka duk suna kan zagaye ɗaya. Wallahi wannan natsuwar ita nake biya.

Taswirorin ma na Jeppesen ne, irin waɗanda matuƙan gaske suke karantawa. Na fi amfani da na filin Malam Aminu Kano, mai lamba DNKN, da na Abuja, DNAA, mai titi 04 da 22, sai na Yamai, DRRN. Kana iya ganin jirginka yana tafiya a kan taswirar yayin da kake sauka, kuma akwai launin dare ga masu tashi bayan sallar isha'i irina. Ɗalibin da yake burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya zai amfana ƙwarai, ko don idonsa ya saba da alamomin tun yana gida.

Sai maganar kuɗi. Da yuro ake biya, kuma kowa ya san abin da hakan yake nufi in aka juya shi zuwa naira. Biyan shekara gaba ɗaya ya fi sauƙi. Ka tabbatar katinka na banki yana biyan kuɗin waje kafin ka fara. In ka daina biya, bayanan da ka riga ka sauke suna nan, amma taswirori za su rufe. Da so samu ne, da sun fitar da farashi mai rahusa ga ƙasashe irin namu.

Ba kowa zan ce ya biya ba. Wanda yake tashi da ƙaramin Cessna yana kallon gari da ido, bai buƙata. Mai yawo a sararin Amurka kaɗai ma yana da mafita, domin hukumar jiragen saman ƙasar, FAA, tana bayar da bayananta kyauta a tsarin ARINC 424 kowane zagaye, kuma X-Plane yana karanta su. Amma mai tuƙa Boeing 737 ko Airbus A320 a VATSIM, tsakanin Kano da Legas da Jidda, ya biya kawai, ko da wata ɗaya ne ya gwada.

Kamfanin da kansa ya rubuta ƙarara cewa bayanan nan na kwaikwayo ne a kwamfuta, ba a shiga jirgin gaske da su. Ɗan'uwa ɗalibi, ka yi atisaye da su a gida, amma ranar da za ka tashi da malaminka, takardun makaranta za ka riƙe.