Gidan cika gas ɗin gefenmu: sikeli a gaban idonka

Wurin da muke cika tukunyar gas a nan gefenmu, wajen titin Zariya a Kano, ba wani ƙaton kamfani ba ne, tanki ɗaya ne a kwance sai famfo biyu da ɗan ofishin mai karɓar kuɗi. Amma gaskiya abu ɗaya ya sa na maƙale musu, sikeli. Kana zuwa yaron zai ɗora tukunyarka a kai tun babu komai a ciki, ya juyo maka da fuskar sikelin ka ga lambar da idonka, sannan ya jona tiyo kana tsaye lamba na hawa har ta kai kilon da ka biya. Ba zancen a ɗaga tukunya a girgiza a ce maka "Alhaji ta cika".

Wanda ya saba da 'yan shagunan nan na cikin lungu ya san me nake nufi, inda ake kifa babbar tukunya mai kilo 50 a riƙa tsiyayo wa taka, wani ma sikelin nasa yana can ƙarƙashin benci sai ka yi magana zai jawo shi yana ɓata rai. Ba na ce duk macuta ba ne, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma ka biya kuɗin kilo 6 uwargida ta ce maka gas ya ƙare tun wata bai raba ba, da wa za ka yi rigima? Ita za ka ce ta cika dafa wake ko shi za ka koma wa? A nan kuwa ko ka manta ba ka duba ba, nauyin tukunyar kanta a rubuce yake a jikin mariƙinta, galibi bayan haruffan TW, sai ka haɗa da kilon da ka saya ka gwada a kowane sikeli.

Wani abin da ya burge ni, ba sa yarda su cika tukunya maƙil ko ka ce za ka ƙara kuɗi. Na ga wani dattijo ya dage a ƙara masa tunda akwai sauran wuri, yaron ya ce "Baba yi haƙuri, wannan wurin da ka gani ba namu ba ne, na zafi ne." Kuma gaskiyarsa, gas ɗin ruwa ne a cikin tukunya, in ya ji zafi kumbura yake, shi ya sa ake tsayawa wajen kashi 80 cikin 100 a bar masa sarari. Ka tuna zafin Kano a watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga tukunya a kicin mai rufin kwano. Bayan sun cika kuma sai sun shafa ruwan kumfa a bakin bawul, in ya yi ƙwai-ƙwai to yana yoyo, yawanci 'yar robar nan ce ta ciki ta cinye, nan take su canza maka da ɗan kuɗi kaɗan. Tsohuwar tukunya mai tsatsa a gindi kuwa ba sa taɓa ta sam, ko ka yi ta magiya, su ce maka ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, shekara 15 ce tukunya ta gama aiki. Mutane na jin haushin wannan sosai don sabuwar tukunya ba arha ba, ni dai ina bayansu. Lasisinsu na NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar mai da gas, ma yana manne a bango, ga abin kashe gobara da bokitin yashi a kusa da famfo ba a kulle a ofis ba.

To sai dai fa ba a rasa abin ƙorafi. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na cikin unguwa, kuma allon farashin nan da alli ake rubuta shi don kullum cikin gogewa yake. Wannan ban ɗora musu duka ba, gas daga kudu yake tasowa, na kamfanin NLNG da ke Bonny da sauransu, sai tanka ta kwaso shi har Arewa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai da ke hawa mota ya tashi. Abin da na ɗora musu shi ne layi. Ƙarshen wata da jajibirin azumi wallahi sai ka tausaya wa kanka, famfo biyu amma sau da yawa ɗaya ne ke aiki, ba rumfa, ba benci, mata da yara a tsaye cikin rana da tukwane. In an ɗauke wuta kuma sai an jira mai tada janareta ya dawo daga inda ya tafi. Transfa ma sai ta shiga wayarsu kafin a taɓa tukunyarka, ranar da netwok ya ƙi kana ji kana gani na bayanka zai wuce. Ga shi ba sa kai wa gida, mai tukunyar kilo 12.5 in ba shi da abin hawa sai ya ƙara kuɗin adaidaita a lissafi.

Babur da mota a waje ake bari, kuma kar ka ɗaga waya kusa da famfo don mai gadin ba ya wasa, zai yi maka tsawa ko wane ne kai. In za ka je ka je da sassafe, ka riƙe tsabar kuɗi, kuma ranar Juma'a suna rufewa tun kafin a tafi masallaci sai bayan an sauko.