Mozart na makaɗan Scotland ko na Berlin?

Malam, ka tambaya wanne za ka saya cikin faya-fayen kiɗan Mozart guda biyu, na makaɗan Scotland ko na Berlin. Ka ɗauki na ƙungiyar makaɗa ta Scottish Chamber Orchestra, wanda Charles Mackerras ya jagoranta, kamfanin Linn kuma ya fitar a 2008. Shi wannan faifai biyu ne a kwali ɗaya, ɗauke da simfoni (dogon kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi) huɗu na ƙarshe da Mozart ya tsara, daga lamba 38 zuwa 41, kuma ukun ƙarshen duk a 1788 ya rubuta su.

Ƙanena ne ya kawo mini nawa tsaraba daga Glasgow. Na shekara da shekaru ina sauraren lamba 40 har ina ganin na haddace ta, amma daren da na sa wannan faifai sai na ji sarewa da sauran kayan busa suna amsa wa masu goge kamar ana hira, abin da kunnena bai taɓa kamawa ba, har sai da na maimaita kashin farko sau uku kafin in kwanta. Ƙungiyar ta Scotland, wadda aka kafa a 1974 kuma mazauninta Edinburgh, makaɗanta kusan 40 ne kawai, saboda haka yawan goge ba ya danne masu busa. Mackerras kuma ya yi amfani da ƙaho da kakaki irin na zamanin Mozart, ya maimaita duk inda mawallafin ya ce a maimaita, don haka mai gajen haƙuri zai ga lamba 41 ta yi tsawo, ni dai ban gaji ba.

Na ƙungiyar Berlin Philharmonic kuwa, wanda Herbert von Karajan ya jagoranta a shekarun 1970, sautinsa yana da kauri da santsi, ban musa ba, amma da kuɗina na saye shi da tsada, ga shi can yana shan ƙura.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka kiyayi masu sayar da kwafi a intanet, domin na taɓa biyan kuɗin na asali aka aiko mini da faifan da aka kwafa a kwamfuta, babu ɗan littafin bayani, bugun kwalin ma duk ya dusashe. Ka sa mai kaya ya turo maka hoton bayan faifan da na littafin kafin ka tura ko sisi, in ya fara kame-kame ka sayi kiɗan a wani amintaccen shagon kiɗa na intanet ka sauke.