Wasiƙa daga Jidda: shagon intanet da rigimar sito

Yaya, ina gaisuwa, a miƙa min gaisuwa wajen Hajiya. Ka tambaye ni yadda kamfaninmu na abaya da turare ya koma ciniki ta intanet, ko kai ma ka gwada a Kwari. Ga abin da idona ya gani.

Buɗe shagon bai ɗauke mu sati ba. A kan wata manhaja mai suna Salla maigida ya buɗe, a Makka aka ƙirƙira ta, ka ɗora hoto da farashi shi ke nan. Mai saye ya biya da katin banki na mada, in aljihu ya yi sanyi kamfanin biya kaɗan-kaɗan irin Tabby ko Tamara su raba masa kuɗin kashi huɗu. Babu zancen "na tura, duba alat" da ke tsayar da kai rabin awa a bakin shago.

Wuyar tana sito. Dattijon da ke riƙe da shi ya fi shekara ashirin a wurin, lissafinsa a ka yake sai wani tsohon littafi, kuma bai ga dalilin da yaro zai zo da kwamfuta ya ƙirga masa kaya ba. Goman ƙarshe na azumi muka sha kunya: shafi na nuna baƙar abaya lamba 56 saura talatin, alhali tun bayan tarawihi an kwashe su a shago. Ni aka ba waya ina ba mata haƙuri har sahur, wata Balarabiya ta wanke ni tas. Bayan salla muka rufe kwana uku, kowace riga aka manna mata lamba, aka haɗa shago da shafi a lissafi ɗaya. Dattijon yanzu shi ke harbin lambar da na'ura, yana yi yana mita.

Gwamnati ma ba ta bar mu da zaɓi ba. Tun 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji ta hana rasit na hannu, kowanne sai ya fito da lambar QR, ga haraji kashi 15 cikin ɗari tun 2020. Wannan ya fi komai tilasta wa maigida gyara littattafansa.

Kai kaya kuwa, kowane gida na da gajeren adireshi, haruffa huɗu da lambobi huɗu, kodayake a lungunan unguwar Karantina ɗan aiken kamfanin kai kaya na SMSA sai ya kira an tura masa wuri ta WhatsApp. Amma fa a nan ban ga irin direban tasha da za ka damƙa wa dila da safe, magariba tana Maraɗi bisa amana kawai ba. Wannan kun fi mu.

Don haka kada ka ba kowa kuɗin yin shafi tukuna. Ka sa yaran shago su ƙirga atamfa da shadda turmi-turmi, kala-kala, ka turo min jerin, Juma'a ina hutu sai mu duba tare.