Kariyar kan rufi ko ta kan bodi: ina ya fi dacewa a ɗora kayak a a-kori-kura?

Ɗan'uwa, ka ce motarka a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, bodinta gajere, bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Kana da kayak biyu, wato siririn kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu: na yawo mai tsawon mita 3.6 da nauyin kilo 24, da na kamun kifi mai faɗin ciki, mita 4, kilo 38. Kana tambaya ko ka ɗaura kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a kan rufin gidan direba, ko ka kafa mai ƙafafu a kan bodi. Na yi aiki da duka biyun, kuma ga irin kayanka ta kan bodi zan zaɓa. Sai dai ta kan rufi ma tana da wuraren da ta fi, don haka bari in gwada maka su ɗaya kusa da ɗaya.

Abin da na fi damuwa da shi a wannan magana shi ne tazarar da ke tsakanin sandunan ƙarfe biyu da kwale-kwalen zai kwanta a kansu. Ɗauki doguwar gora ka riƙe ta a tsakiya da hannu biyu a haɗe, ka sa yaro ya ture bakinta: nan take za ta juya da kai. Ware hannuwanka ka sake gwadawa, za ka ji ta tsaya. Haka kayak yake a kan mota, iska kuma ita ce mai turewa. A rufin mota mai ƙofa huɗu, tazarar da za ka samu tana tsakanin santimita 70 da 80, domin ƙafafun kariyar sai a gefen ƙofofi suke samun wurin kamawa. Ka ɗora kwale-kwale mai mita 4 a kan tazarar santimita 75, ka bar fiye da mita 1.6 yana reto a gaba, wani kamarsa a baya. A kan bodi mai mita ɗaya da rabi kuwa, kana iya ware sandunan su kai mita 1.1 ko 1.2. A takarda bambancin kamar ƙarami ne, amma ranar da tirela ta wuce ka a guje, iskarta ta bugi hancin kwale-kwalen daga gefe, a sitiyari za ka ji shi.

Kuma ƙarfin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi ya bar shi. Ka ninka gudu sau biyu, bugun iska ya ninku sau huɗu. Daga kilomita 80 a awa zuwa 110 kaɗai, ƙarfin da ke neman ɗaga kwale-kwalen ya kusa ninkawa. A kan rufi, hancin kayak yana leƙowa ta saman gilashin gaba, daidai inda iskar da ta hau bonet take tasowa sama, sai ta shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi. A kan bodi hancin yana tsayawa a saman rufi, bai kai wannan wurin ba, don haka ya fi samun sauƙi.

Sai nauyi, wanda a nan ne lissafinka ya rabu da kariyar rufi. Kowane rufi yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma adadi biyu ne: na lokacin da mota take tsaye, da na lokacin da take tafiya. Na tafiya ne naka, shi ne kuma ƙarami, saboda birki da rami da kwana duk suna ƙara wa kaya nauyi. A kariyoyin rufi da yawa adadin yana wajen kilo 75, wasu motocin ma ƙasa da haka, kuma nauyin kariyar kanta yana ciki. Kwale-kwalenka biyu kilo 62 ne. Ƙara sanduna da ƙafafunsu, kilo 6 ko 7, ƙara maɗaukan da za su rungume kwale-kwalen, wajen kilo 10, ka ga ka haye 75 tun ba ka sa sandar tuƙi ko rigar ruwa a ciki ba. Idan littafin motar ya faɗi wani adadi, takardar kariyar ta faɗi wani, ƙaramin ne ke da iko. Ka tuna kuma a rufin da ba shi da layin ƙarfe daga masana'anta, ƴan maƙalai huɗu ne da suka kama leɓen ƙofa suke riƙe da komai.

Kariyar bodi tana zaune a kan kafaɗun bodi, wurin da aka ƙera don kaya. Yakima OverHaul HD, alal misali, an ƙayyade mata kilo 227 a kan kwalta da kilo 136 a hanyar daji. Ka lura yadda adadin ya faɗi da aka sauka daga kwalta. Gargada tana cin kariya fiye da yadda ido ke gani, kuma hanyoyin da ke kai mutum bakin ruwa galibi irinsu ne. Ko da ƙaramin adadin aka bi, kwale-kwalenka biyu ba su kai rabinsa ba.

To ina ta kan rufi ta fi? Ta fi wajen zama a tsakiyar mota. Tsawon irin motarka yana kaiwa mita 5.3, don haka kayak mai mita 3.6 ko 4 a kan rufi ba ya wuce bamba ta gaba ko ta baya. Ba ruwanka da ɗaura jar tutar gargaɗi a wutsiyarsa, ba ruwanka da fargabar gogar bango idan kana ribas. Bodi kuma yana nan a sake, ka sa masa murfi ko ka loda dogayen kaya. Kana kuma ganin hancin kwale-kwalen ta gilashi, in ya fara karkata ka sani nan take. A kan bodi, wutsiyar mai mita 4 za ta wuce ƙarshen mota da mita ɗaya ko fiye, ko da ka ɗan tura shi gaba. Dole ka ɗaura jan ƙyalle a bakinsa, da dare kuma jar fitila. Dokar wannan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A yawancin jihohin Amurka daga ƙafa 4 ake wajabta tuta, wato wajen mita 1.2. Ni ko bai kai haka ba ina ɗaurawa, domin direban da ke bayanka siririn bakin kayak ba ya shiga idonsa da wuri. Da kwale-kwale ɗaya gare ka, mai kilo 24 ɗin nan, da na ce maka ka sa ta rufi ka huta.

Wajen lodi, duka biyun suna sama, mita 1.8 ko fiye daga ƙasa. Amma da kariyar bodi kana da inda za ka tsaya. Ka jingina hancin kwale-kwalen a sandar baya, ka ɗaga wutsiya ka tura, sannan ka hau bodi ka ɗaure kana tsaye daram, kayan suna daidai ƙirjinka. A kan rufi sai taka taya ko dokin ƙofa, hannu ɗaya yana riƙe da mota. Ɗaga kilo 38 sama da kai, kai kaɗai, bayan ka wuni kana tuƙi a ruwa, hanya ce ta jawo wa kafaɗa ciwon da ba ya saurin tafiya. Don Allah kada ka raina wannan.

Akwai dabara ta uku da za ka ji ana ba ka shawara: sanda ɗaya a kan rufi, ɗaya a ƙarshen bodi. Tana da jan hankali, domin tazarar tana wuce mita 2, kuma kwale-kwalen yana zama a tsakiyar mota. Matsalarta tana cikin ƙirar motar. A yawancin a-kori-kura, gidan direba daban yake, bodi daban, kowanne an ɗaura shi a kan shasi, gidan direba ma a kan robobi yake zaune. Idan taya ɗaya ta faɗa rami shasin yana murɗawa, sai gidan direba ya karkata hagu, bodi ya karkata dama. Ka duba madubi wata rana a hanya mai gargada, za ka ga leɓen bodi yana rawa dabam da bayan gidan direba. Kwale-kwalen da aka ɗaure a ɓangarorin biyu shi ne zai sha wannan murɗawar. Na roba yana jurewa zuwa wani lokaci, sai dai igiyoyinsa suna sassautawa a hankali. Na faiba kuwa tsagewa yake yi. Mutane da yawa suna yin hakan a kan kwalta mai kyau ba tare da wata matsala ba, musamman masu dogon kayak na teku mai mita 5, waɗanda ba su da wani zaɓi sosai. Motoci irin su Honda Ridgeline da Ford Maverick, da jikinsu yake a haɗe gaba ɗaya, su ma wannan bai shafe su ba. Kai da tsawonka bai wuce mita 4 ba, ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba.

Ta huɗu ita ce a kwantar da shi cikin bodi, a sauke ƙofar baya, a cusa ƙarfen tallafi a ramin jan tirela. Babu abin da ya kai ta sauƙin lodi. Amma bodinka da ƙofarsa mita 2 ne kawai, rabin kwale-kwalen yana waje, yana share hanya a kowace kwana, ƙarfen yana gogar ƙasa a gangare, zafin salansa kuma yana iya narka roba idan ta matso. Ta gajeren zango ce.

Yadda biyun za su zauna tare ma abin dubawa ne. Faɗin na yawo yana wajen santimita 75, na kamun kifi 85 ko fiye, jimla mita 1.6. Sandunan rufi da wuya su kai haka, don haka dole ɗaya ya tsaya a kan gefensa cikin maɗauki mai lanƙwasa kamar harafin J. Wannan maɗauki yana tanadin wuri, amma yana miƙa wa iskar gefe cikin kwale-kwalen gaba ɗaya, yana kuma kai tsayin motar mita 2.6 ko fiye, abin da ƙofar gareji da reshen bishiya ba za su yafe ba. Sandunan kariyar bodi ana samun su har kusan mita 2, sai duka biyun su kwanta. Ka dai tabbatar bakin sanda bai wuce madubin gefe ba. Mai nauyin kuwa, a kowace kariya, kwance ya kamata ya tafi, ko a kife a kan sanduna masu soso. Kifewar tana hana ruwan sama taruwa a ciki, kuma kowace lita kilo guda ce da ba ka sa a lissafi ba.

Ɗauri kuwa iri ɗaya ne ko wacce ka zaɓa. Kowane kwale-kwale da bel nasa biyu, kada ka haɗa su da bel guda. Bel ɗin ya zagaya ƙarƙashin sanda ta cikin ƙafar kariya, don kada ya zame ta baki. Yi amfani da mai ɗan maƙulli da ake ja da hannu, ka bar mai ƙarfen tamkewa irin na masu lodin katako. Na taɓa tamke nawa da shi a ranar zafi, na yi tafiyar awa uku, da na sauke na tarar cikinsa ya lotsa daidai inda sandar take, kuma bai koma daidai ba sai bayan kwanaki a rana. Robar kayak tana laushi da zafi, hannunka kuma ba ya jin irin ƙarfin da wannan ƙarfe yake sawa. Igiyar roba mai miƙewa ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Idan bel yana kuka a iska, murɗa shi sau ɗaya kafin ka ɗaure, zai yi shiru.

Igiyar hanci da ta wutsiya wajibi ce a kan rufi, saboda gajartar tazara, kuma ko a kan bodi ba na tafiya babu su. Aikinsu shi ne su riƙe kwale-kwalen idan kariyar kanta ta saki, kada ya tashi ya faɗa kan na bayanka. A ɗaure su a ƙarfen jan mota ko a maɗaurin da aka maƙala da noti ƙarƙashin bonet, ban da robar bamba. A ja su su miƙe kawai, ba har su lanƙwasa kwale-kwalen ba. Ragowar igiya a naɗe ta sosai, domin idan ta sauka taya ta taka, za ta fizgo hancin kayak ƙasa da ƙarfin da zai iya lotsa rufi. Bayan minti 15 da tashi, tsaya ka girgiza kowanne da hannu. In motar ce ta motsa tare da shi, ɗauri ya yi.

Kafin ka sayi ta kan bodi, ɗauki tef ka auna daga kafaɗar bodi zuwa wuri mafi tsayi a rufin, har da eriya in akwai. Sandunan su ɗara rufin da aƙalla santimita 8 zuwa 10, domin hancin da zai leƙa saman gidan direba yana lilo a gargada, kuma kayak a kife yana da lanƙwasar da ke sauko da bakinsa ƙasa. Idan ka samu wadda ake ɗaga ƙafafunta ana saukewa, ita ta fi, sai ka daidaita tsayin da kwale-kwalen a kai. Idan kuma bodinka yana da murfi, duba ko maƙalan kariyar za su samu wurin kamawa a kafaɗar tare da layin murfin, domin da yawa ba sa zama tare.